Kwalbar Mushe Kyari

Kyari ya rasu.

Da safen nan na gani, ina zaune da kofin shayi a hannu. Ba ma kira na aka yi ba. A gurup ɗin tsofaffin ɗaliban kwalejin Gure na ci karo da shi, tsakanin tallar atamfa da wani bidiyon wa'azi: "Allah ya yi wa Mushe Gansakuka rasuwa."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shayin yana nan inda na ajiye shi, ya huce.

Na bi kwament ɗinku ɗaya bayan ɗaya. Kun yi masa addu'a, Allah ya saka muku. Amma ba a yi nisa ba sai aka koma kan tsohon labarin nan. Wani ya rubuta: "Allah sarki, bawan Allahn da ya yi shekaru a ƙasar Turawa ya dawo mana da gansakukar tafki cikin kwalba." Aka bi shi da hotunan dariya.

Ban ji haushinku ba. Yara ne ku a lokacin, abin da kuka ji a bakin manya shi kuka ɗauka. Yanzu kuwa kun yi furfura, wasunku har da jikoki, don haka za ku iya zama ku karanta dogon rubutu.

Ni ne Isuhu, wanda ya koya muku lissafi. Wanda kuke kira Mushe Tsawa a bayan idona, kuna zaton ban sani ba. Ga abokanmu na ƙetare da ba su saba ba, a nan wajenmu malamin lakwal, wato makarantar boko, Mushe ake ce masa.

Lokacin farin nan na saba'in da uku aka turo ni Gure daga Damagaram. Saurayi ne ni, ban san kowa ba, Barbarci kuwa ko gaisuwa ban iya ba. A saman buhunan kamiyo, babbar motar kaya, na iso. Aka ba ni wani ɗaki a bayan makaranta, da gadon ƙarfe da fitila. In an tashi yara, kowa ya kama hanyar gidansu, sai ya rage daga ni sai bango. Na sha zama a bakin ƙofa ina ƙirga awakin da ke wucewa don kawai in ga abu mai motsi.

Kyari ma a shekarar ya fara aiki, yana koyar da siyans, wato kimiyya. Shi ɗan gari ne, a nan aka yanke masa cibiya. Amma ban daɗe ba na lura ya fi ni baƙunta.

An tura shi karatu Faransa, bai gama ba aka aiko masa cewa shanun gidansu sun ƙare, mahaifinsa ma ya bi bayansu. Saura tsohuwa ita kaɗai. Ya tattara ya dawo ba takardar kammalawa. In ya zauna a majalisa ana lissafin dabbobin da suka faɗi, ba ya da ta cewa. In wani ya tambaye shi labarin can, ya fara, sai a saurara na ɗan lokaci don kunya, daga nan a koma zancen farashin hatsi. A hankali ya daina farawa.

Maganarmu ta farko ta gaske a lokacin ɗari ce. Sanyin Gure kun san shi. Ni kuma riga ɗaya gare ni mai shara-shara, ina shiga aji haƙorana na haɗuwa. Wata safiya na ji ana buga ƙofa. Na buɗe, ga shi riƙe da wata ƙatuwar kwat baƙa mai nauyin tsiya.

Ya ce, "Karɓi, Isuhu. Ni na gama da ita."

Bai jira godiya ba ya juya. Kwat ɗin tana wani irin wari da ban san shi ba, ba na kifi ba, ba na ƙasa ba. Daga baya ya ce min warin teku ne.

Ku da kuka riƙa yi min dariya cewa na yi kama da sojan da aka manta da shi a bakin daga, to kwat ɗin Kyari ce.

Tun daga nan kullum bayan la'asar ina gidansu. Mahaifiyarsa, Ya Falmata, ta ɗauke ni ɗa. Ɗan Damagaram take ce min. Shi kuwa ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce Malam. Idonta ya fara yana, tana ganin mutum amma sai ya yi magana take tabbatar da ko wane ne. In na yi sallama sai ta gaishe ni da Barbarci, ta ce, "Wushe, ɗan Damagaram. Ka ci wani abu yau kuwa, ko alli ka lasa?"

Shekarar da kowa ke ɓoye tukunyarsa, ita ba ta taɓa barin na koma ɗakin nan da yunwa ba.

Mukan zauna ni da shi mu sha shayi. Wani lokaci har magariba ba wanda ya ce uffan. Ban taɓa sanin shiru na iya zama hira ba sai a wurin Kyari.

Ran nan ya ce in zo in ga wani abu. Ya kai ni ɗakinsa. A kusurwar da ke kusa da taga akwai wata randa, ya zuba jiƙaƙƙen rairayi a ciki, ya binne wata babbar kwalba mai faɗin baki har wuya, ya rufa tsumma mai laima. Ya ɗaga tsumman, ya zaro kwalbar ya kai ta hasken taga.

Jama'a, ni na gani da idona.

Ba gansakuka ba ce. Gansakuka zare-zare ce mai yauƙi, kowa ya san ta. Wannan ganye ce shimfiɗaɗɗiya, kamar salatin lambu, amma siririya ƙwarai, har kana hango yatsanka ta bayanta. Koriya shar. Tana manne da wani ɗan baƙin dutse, tana lilo a cikin ruwan a hankali. A garin da ko ciyawa ɗaya ba ka gani, na tsaya ina kallonta.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Karatuna ke nan."

Na yi dariya, na zaci wasa yake. Ashe da gaske ne. Shekarun da ya yi can, a kan wannan ganyen ya yi su.

Ya ba ni labari a ranar, kuma ina jin ni kaɗai ne na taɓa sauraron labarin nan har ƙarshensa. Ya ce a bakin tekun da aka kai shi, ruwa ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu a yini yakan cika ya rufe duwatsu, sannan ya janye ya bar su. A wannan tsakanin, inda ba tudu ba kuma ba teku ba, nan ganyen ke rayuwa. In teku ya janye sai ya bar ta cikin ƴan ramukan dutse da ɗan ragowar ruwa. In aka yi ruwan sama, ramin ya cika da ruwan daɗi, gishirin ya tsinke. In iska ce da rana, ruwan ya ƙafe, gishirin ya yi kauri har ya fi na tekun. Ga sanyin da har ƙanƙara ke kwanciya a bakin ramin. Duk tana jurewa.

Aikinsa shi ne ya gano iyakar juriyar. Ya tsinko ta, ya rarraba cikin kwalabe, wannan gishiri da yawa, wannan kaɗan, wannan kusan babu, ya zauna yana duba wacce za ta rayu. Ya ce yakan shiga ruwan da sassafe, yatsunsa su mutu har ya kasa ɗaure igiyar takalmi. Ba kowa a bakin tekun sai shi da tsuntsaye. Ya koma ɗakin da yake haya, matar gidan ta ajiye masa abinci a bakin ƙofa ta tafi. Wata rana sai ya yini bai yi magana da ɗan Adam ba.

Na ce, "To kai me ya kai ka? Ƴan uwanka na karatun likita, kai kana kiwon ganye."

Ya ce, "Shi aka ba ni. Da farko na tsane ta. Daga baya na ga mu biyu ne kawai a wurin."

Da zai taho, ya bar littattafansa da yawa saboda nauyi, amma ya ɗauko ta cikin gorar ruwan zafi, da gwangwanin gishirin teku. Daga jirgi zuwa kamiyo, daga Yamai har Gure, a cinyarsa ta zo.

Kuma ba don ado ya kawo ta ba. Ya ce ya ga tumakin mutanen can suna sauka bakin teku suna cin irin waɗannan ganyayen. Mu kuma ga kwarurruka nan birjik a ƙasar Gure, masu ruwan zartsi da kanwa, ruwan da ba ya ƙafewa ko da fari amma ba ya tsirar da abin kirki. Tunaninsa shi ne, tunda ganyen nan mai juriya ce, in aka bi ta a hankali, yau a ɗiga mata ruwan kwari kaɗan, gobe a ƙara, wataƙila ta saba. In ta saba, ta yaɗu, ko ba komai dabba ta samu abin tauna a shekara irin wannan.

Zai yiwu ko ba zai yiwu ba, ni malamin lissafi ne, ban sani ba. Shi ma ya ce bai sani ba, zafin bazara kaɗai na iya gamawa da ita. Amma in yana wannan maganar fuskarsa takan sake. Duk abin da zai nuna cewa shekarun nan ba a banza suka tafi ba, cewa ba don wofi mahaifinsa ya mutu ba ya kusa, yana cikin kwalbar nan.

Ya ce kar in gaya wa kowa. "Sai ta saba tukuna. In na nuna yanzu ta mutu, sai a ce ga shi nan."

Yadda yake kula da ita ma abin kallo ne. Ya karce wani layi a jikin kwalbar da ƙusa. Iskar Gure busasshiya ce, kullum ruwan sai ya ragu. Da safe zai ɗauko cokali ya ɗiga ruwan daɗi kaɗan-kaɗan har ya kai layin, ya tsaya. Ya ce ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan, don haka abin da ya tashi kawai za ka mayar.

Ya Falmata ba ta taɓa yarda da wannan tsarin ba.

Wata rana ta tsoma yatsa a kwalbar ta ɗanɗana. Ta tofar, ta yi salati.

Ta ce, "Malam, wannan ai zartsi ne. Ko jaki ba ya shan wannan."

Ya ce, "Ya, haka take so. Ruwan garinsu ke nan."

Ta ce, "Ba wanda ke son zartsi, sai dai in bai samu ba. Baƙuwa ta zo mana daga uwa duniya, ka tsare ta da cokali kamar mai ba da magani? A gidan ubanka ba a taɓa yi wa baƙo haka ba."

Muka yi dariya ni da shi. Ita ba ta yi ba.

Ku da kuka tashi a Gure kun san abin da take nufi. Ruwa iri biyu ne a kowane gida. Akwai na zartsi, na wanki da wanke-wanke. Akwai na daɗi, na sha, wanda ake tarbar baƙo da shi tun kafin a tambaye shi sunansa. A shekarar nan rijiyar unguwarsu ta juya ta koma zartsi. Ruwan daɗi sai daga wata rijiya can cikin kwari, tulu guda ake kawo musu a yini, shi ma sai an yi sammako an yi layi. Gidan kuma da jama'a, kowa da rabonsa, moɗa-moɗa.

Ganyen ta wuce lokacin ɗari lafiya. Har ta ƙara faɗi. Kyari ya fara ɗiga mata ruwan kwari, ba ta nuna komai ba. Ya riƙa tafiya makaranta yana fito, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Sai aka kira mu taron malamai a Damagaram, mu duka, ba a bar kowa ba. Ya so ya tafi da ita, amma hanyar nan ta rairayi da zafin bayan kamiyo sun fi ƙarfinta. Ya zaunar da tsohuwa, ya kama yatsanta ya ɗora a kan layin don ta ji karcen.

Ya ce, "Ya, nan kawai. Kullum da safe, ruwan daɗi, har nan. Kar ya wuce."

Ta ce, "Na ji. Ku je ku dawo lafiya. Ni na raini ɗan mutum, ganye ne zai gagare ni?"

Taron ya ja fiye da yadda aka ce. Da aka gama kuma muka rasa mota, muka yi ta zaman tasha. Da muka iso Gure, ko jakata ban kai ɗaki ba na bi shi gida.

Ya Falmata na zaune a tabarma. Abin da na fara lura da shi leɓenta ne, duk ya tsattsage, muryarta ma ta dushe. Amma fuskarta cike da murna, irin ta wanda ya yi abin kirki yana jiran a gani.

Ta ce, "Malam, je ka ga baƙuwarka. Ran da kuka tafi na zubar da wannan ƙazamin ruwan. Na cika mata da na tulu, har baki. Kullum kuma sai na sake mata sabo, ban bar ta da kwanannen ruwa ba ko sau ɗaya."

Kwalbar nan babba ce. Ba ta cika da moɗa ɗaya ko biyu. Na dubi tulun, na dubi leɓen tsohuwa. Ban buƙaci a yi min lissafi ba. Rabonta take juyewa a kwalbar, ita kuma ta sha na rijiyar unguwa.

Muka shiga ɗakin. Ya zaro kwalbar.

Ganyen ta yi fari fat, ta saki dutsen, ta narke gefe-gefe. Ya sa yatsa ya taɓa, ta rabu biyu.

Ina tsaye a bayansa. Ya daɗe a haka, riƙe da kwalbar da hannu biyu.

Daga tsakar gida tsohuwa ta ɗaga murya. "Na ga kamar ta ɗan yi haske kwanan nan. Lafiya dai ko?"

Ya yi gyaran murya. Ya ce, "Lafiya lau, Ya. Haka take yi in tana sabon ganye. Sannu da ƙoƙari."

Ta ce, "Ka gani ba. Da ma ƙishirwa ce ke damunta."

Washegari ya aro jakuna biyu, muka fita ta hanyar Gidigir zuwa wani kwari mai lambuna. A gindin dabino akwai gurbin da masu lambu ke tara ruwan ban-ruwa. Ya durƙusa ya yayibo gansakuka da hannunsa, koriya, mai yauƙi, irin wadda kowa ya sani. Ya zuba a kwalbar, ya jefa ɗan baƙin dutsen a ciki.

Na ce, "Kyari, me kake yi haka?"

Ya ce, "Kore kawai take iya gani. To ga kore."

Na ce ya gaya mata gaskiya mana, a hankali, za ta fahimta.

Ya juyo ya dube ni. "In ce mata me? Ƙishirwar da ta sha ita ta kashe min karatu? Miji ya tafi, shanu sun tafi. Abu ɗaya ta samu ta yi min da hannunta tun da na dawo. Kai za ka iya karɓe mata shi?"

Ban iya ba. Har yau da nake rubutun nan ban ga yadda zan iya ba.

Gansakuka kuwa me ta fi so in ba ruwan daɗi ba? Ta yi ta yaɗuwa har ta cika kwalbar. Kyari ya ce wa tsohuwa yanzu ta saba, cokali kaɗan ya ishe ta, don dai ta daina ba da rabonta. Ya Falmata ta ji daɗi iya jin daɗi. Abin da Kyari ya ɓoye a kusurwar ɗaki, ita ta fito da shi tsakar gida. Duk matar da ta shigo sai an nuna mata.

"Ku zo ku ga tsiron teku. Malam ya kawo daga ƙasar Nasara. Ta kusa mutuwa a hannunsa, ni na tashe ta."

Matan Gure da suka tashi a bakin kwari, a nuna musu gansakuka? Ba wadda ta ce komai a gaban tsohuwa, an san girmanta. Sai an fito zaure ake toshe baki. Kafin a ce haka labari ya kai kasuwa. Wasu suka ce Turawa ne suka yi masa wayo. Wasu suka ce shi ne ya yi wa uwarsa wayo, ya je ya yi yawonsa ya dawo. Wasu suka ce karatu ne ya taɓa masa kai. Daga kasuwa sunan ya shigo makaranta. Ku kuka riƙa rubuta shi da alli a bayan ƙofar aji.

Yana gani. Sai ya ɗauki tsumma ya goge, ya ce a buɗe shafi kaza.

Ni ne mai zafin rai, kun sani. Na sha tashi a majalisa zan yi magana, ya danne min gwiwa da hannu. Na ce masa ya rubuta can a aiko masa da wata. Ya ce wa zai ɗauko ta a cinya ya kawo? Gishirin ma ya kusa ƙarewa. Bai sake tayar da zancen kwari da dabbobi ba. Fiton nan ma ban sake ji ba.

Ya Falmata ta yi shekaru bayan haka. Har ta kwanta ciwon ajali tana tambaya ko an ba baƙuwa ruwa.

Bayan an share makoki na ce masa, to yanzu fa? Ba ta nan, ba abin da zai taɓa ta. Bari in faɗa wa mutane abin da na gani.

Ya ce, "Sai su ce tsohuwar ta yi wauta. A riƙa ba da labarinta ana dariya. Gara ni, na riga na saba."

Daga baya aka ɗauke ni daga Gure. Aiki ya yi ta yawo da ni. Shi ko sau ɗaya bai nemi a canza masa gari ba. Ya yi aure a makare, Allah bai ba shi haihuwa ba, matar ma ta riga shi tafiya. Lokacin da tawa matar ta rasu, ban aika masa ba, amma sai ga shi ya sauko daga mota da ƴar jakarsa. Ya zauna kusa da ni kwanaki, yana dafa shayi, bai ce min in yi haƙuri ba ko sau ɗaya. Duk cikin masu ta'aziyya, zamansa ne kaɗai ya rage min wani abu.

Ganinmu na ƙarshe bara ne, bayan babbar sallah. Na je Gure takanas. Yana gidan ɗan ƙanen mahaifinsa, a wani ɗaki ta bakin zaure. Yanar idon tsohuwa ta dawo kansa. Sai da na yi magana ya ce, "Ɗan Damagaram," da irin muryarta.

Na ba shi labarin na je Makka, har na hango teku ta tagar mota a Jidda.

Ya gyara zama da sauri. "Ya cika ne ko ya janye?"

Na ce wallahi ban lura ba, ni dai na ga ruwa da yawa.

Ya yi dariya har da tari. "Shekara hamsin ina yi maka bayani, ka je har gabansa ka kasa dubawa. Allah ya shirye ka, Isuhu."

Kwalbar tana kan taga. Ba komai a ciki sai ɗan baƙin dutsen. Na ɗauka, na ji karcen layin a yatsana.

Ya ji ƙarar dutsen. Ya ce, "Ka san can ma ruwan daɗi na cika mata rami, ba ta mutuwa. Na ɗan lokaci ne, teku na dawowa ya karɓe ta. A nan ne ba abin da zai dawo."

Ban san ko ganyen kaɗai yake nufi ba. Ban tambaya ba.

Da zan tashi na ce, "Kyari, mun tsufa. Ni kaɗai na rage da na gan ta da ranta. In na riga ka, shi ke nan, ba mai shaida."

Ya daɗe yana juya carbi. Ya ce, "In na riga ka, ka faɗa. Amma ka faɗa daidai. Kar ka ce ta yi kuskure ka tsaya nan. Ka ce ruwan shanta ta ba ta."

To ga shi na faɗa.

Abin da iyayenku suka gani a kwalbar nan gansakuka ce, gaskiyarsu. Ina tsaye aka yayibo ta. Amma kafin ita akwai wata, ta zo daga bakin teku mai sanyi a cinyar mutum, ta yi ɗari guda a Gure tana kore shar. Ni na gan ta. Malaminku bai yi wa kowa ƙarya don kansa ba, kuma kansa ƙalau yake. Ya zaɓi a yi masa dariya har ya mutu da a yi wa uwarsa ta yini ɗaya.

Yau ina jin kaɗaici irin wanda rabona da shi tun ɗakin nan na bayan makaranta. Na ɗauki waya sau da yawa, na rasa wa zan kira. Duk wanda zan kira sai na fara yi masa bayani daga farko. Wanda ba ya buƙatar bayani shi ne aka kai makwancinsa ɗazu.

Kwat ɗin tana nan a akwatina. Na ciro ta da hantsi na shinshina. Warin ya daɗe da tafiya.

Ya Allah, ga bawanka Kyari ya zo maka. Ya yi zaman baƙunta a ƙasar mutane, ya dawo ya yi a garinsu. Ka sa wannan karon ya isa gida. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka ɗebe masa kewa a cikinsa. Ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Ku da kuka karanta har nan, ina roƙon abu biyu. Sunansa Kyari, ku kira shi da shi. Sannan in kun ɗaga hannu za ku yi masa addu'a, kar ku sauke sai kun sa Ya Falmata a ciki. Ku roƙa mata ruwa mai daɗi, mai sanyi, wanda ba a aunawa da moɗa. Ta sha ƙishirwa saboda baƙuwa, kuma har ta koma ga Allah ɗanta bai bari ta san abin da ya biyo baya ba.

Allah ya haɗa su. Amin.